Wata shida da mai tumbi da hawan jini: yadda muke tare gazawar zuciya tun ba ta zo ba

Wanda zuciyarsa ta riga ta gaza, wato ta kasa tura jini yadda jiki ke buƙata, ba ya ɓuya. Ƙafa ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ka danna ƙaurinsa da yatsa ramin ya zauna, ba ya iya kwanciya sai ya tara matashi uku ko ya kwana a jingine, taku kaɗan haki ya kama shi. Wannan aikin likita ne da magani, sau da yawa har da gado. Wanda ya fi damuna shi ne na bayansa a layi: ɗan shekara 45 ko 50, tumbi ya fito, jini ya ɗan hau, wuni yake a zaune a shago ko ofis ko bayan sitiyari, kuma a ganinsa lafiyarsa ƙalau. Irinsa muke ɗauka mu bi da shi wata shida, domin a wannan gaɓar ce nauyin jiki da motsa jiki suke iya sauya inda aka dosa.

Dalilin da ya sa muke sa ido kan masu hawan jini a fili yake. Wani babban bincike da aka wallafa a 2012 ya duba mutum 1,006 da aka kwantar saboda gazawar zuciya a ƙasashe 9 na Afirka kudu da Sahara, har da Najeriya. Hawan jini ne sanadin kusan kashi 45 cikin 100, kuma matsakaicin shekarunsu 52 ne kawai. A Turai cutar ta fi kama 'yan saba'in. A nan tana kwantar da magidanci yana tsakiyar nema wa iyalinsa abinci.

Ranar farko awo ce zalla. Sikeli a kan daɓen siminti muke ajiye shi, ba a kan darduma ba, domin laushin ƙasa yana ɓata lissafi. Mutum ya cire takalmi da babbar riga, ya fitar da waya da makullai daga aljihu. Sai tsayi, ya jingina da bango, diddige a haɗe. Daga nan sai lissafin nauyi da tsayi: a ninka tsayin a mita da kansa, a raba kilo da abin da ya fito. Mai kilo 92 da tsayin mita 1.70, tsayin ya ba da 2.89, lissafinsa ya kama 31.8. Daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya yi yawa, daga 30 zuwa sama ƙiba ce ta asibiti.

Amma na fi yarda da tef ɗin tela a kan wannan lissafin. Akwai mai siraran hannuwa da ƙafafu wanda lissafinsa bai wuce 24 ba, alhali cikinsa ya yi gaba, kuma kitsen ciki shi ne mai ɓarna. Inda ake sa tef ɗin shi ne tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, wajen cibiya ke nan, bayan mutum ya saki numfashi ba tare da ya tsuke ciki ba. Maza da yawa suna kai hannu ƙasan tumbi inda tazuge yake zama, su ce nan ne ƙugunsu. Sai mu ce, “A'a Alhaji, ɗan ɗaga rigar, nan sama za mu auna.” Bambancin wuraren biyu yakan kai santimita goma. Namiji ya wuce santimita 94, mace ta wuce 80, an shiga haɗari. 102 ga namiji da 88 ga mace kuwa haɗarin ya yi girma. Wanda ba zai riƙe waɗannan lambobi ba, muna ba shi mai sauƙi: kada zagayen cikinsa ya kai rabin tsayinsa. Mai santimita 170 ya tsaya ƙasa da 85.

Awon jini ma yana da ƙa'ida, kuma a nan aka fi yin sakaci. Ya zauna minti biyar, baya a jingine, tafin ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana. Kada ya ci goro ko ya sha taba ko kofi rabin awa kafin awon, ya kuma rage fitsari. Damtsen mai ƙiba yana buƙatar babban maɗauri. Aka ɗaura masa ƙarami, na'urar za ta nuna jini ya fi yadda yake hawa. Sau biyu muke aunawa, da tazarar minti ɗaya ko biyu. Idan ya kai 140 bisa 90 a ranaku daban-daban, hawan jini ne. Idan ya kai 180 bisa 110, ba maganar atisaye a ranar, wajen likita zai wuce a fara saukar da shi tukuna.

Kafin mu ce wa kowa ya fara tafiya, akwai tambayoyin da ba ma tsallakewa. Ƙirjinka yana riƙewa idan ka hau bene ko ka yi sauri? Ka taɓa suma? Kana farkawa cikin dare numfashi ya sarƙe har sai ka zauna? Ƙafarka tana kumbura da yamma? Duk wanda ya ce e ga ɗaya daga ciki sai an yi masa awon bugun zuciya da na'ura, in da hali a ɗauki hoton zuciya na eko. Muna tambayar uwargida ma, domin ita ta san ko yana minshari mai ƙarfi har numfashi ya ɗauke ya dawo da firgita. Wannan ɗaukewar numfashi cikin barci ta yi yawa ga masu kaurin wuya, kuma tana hana jini sauka duk maganin da aka sha. Sai gwajin sukari, da na ƙoda idan ya samu.

Abu na ƙarshe a ranar shi ne tafiyar minti shida. Muna auna mita 30 a baranda, mu sa alama a kowane ƙarshe, mutum ya yi ta kai da komowa da iyakar saurin da zai iya ba tare da gudu ba. Ya gaji ya tsaya, agogo na tafiya. Mu rubuta nisan da ya ci, da bugun zuciyarsa kafin da bayan. Amfanin wannan lamba sai bayan wata uku yake fitowa, lokacin da sikeli ya ƙi motsi mutum ya fara karaya.

Bayan awo sai bayani, domin wanda bai gane dalili ba mako biyu zai yi ya bari. Kowane kilo na kitse nama ne mai rai, yana da jijiyoyinsa, yana neman jininsa. Jiki ya ƙaru, yawan jinin da ke zagayawa ya ƙaru, zuciya ta riƙa tura fiye da abin da ta saba a kowane minti, dare da rana. Kamar injin ban ruwa ne da aka saya don kadada ɗaya aka ce ya shayar da biyu, sannan aka matse bakin tiyon, matsewar ita ce hawan jini. Tsokar ɗakin hagu na zuciya sai ta yi kauri don ta jure. Kaurin nan ba ƙarfi ba ne. Tsoka mai kauri tana sandarewa, ba ta saki sosai ta karɓi jini tsakanin bugu da bugu, sai jini ya taru a baya, ruwa ya tsattsafo cikin huhu. Shi ya sa ake samun mai ƙiba yana haki, a yi hoton eko a ga zuciyar tana matsa jini da kyau, tana tura kashi 55 ko 60 cikin 100 na jinin da ke cikinta a kowane bugu, a ce masa ba komai. Akwai komai: matsawa tana yi, cika ce ba ta yi. Irin wannan gazawar ta fi kama mata masu ƙiba da suka manyanta, da masu ciwon sukari, kuma ita ce aka ga ta fi alaƙa da zama wuri ɗaya. Ɗaya nau'in kuma shi ne zuciyar ta buɗe ta yi laushi, abin da take turawa ya faɗi zuwa kashi 40 ko ƙasa.

Lambobin da muke dogara da su daga Amurka suka fito. Binciken garin Framingham da aka wallafa a 2002 ya bi mutum 5,881 na kimanin shekara 14, ya ga duk ƙarin maki ɗaya a lissafin nauyi da tsayi yana ƙara haɗarin gazawar zuciya da kashi 5 cikin 100 ga maza, kashi 7 ga mata, kuma masu ƙiba haɗarinsu ya ninka na marasa ita. Bincike na biyu ya fi amsa tambayar da mutane suke yi mana, wato ko motsa jiki kaɗai ya isa kare mai ƙiba. A 2009 aka fitar da sakamakon bin likitoci maza 21,094 na tsawon shekara 20. Aka ɗauki siriri mai motsa jiki a matsayin ma'auni. Siririn da ba ya motsa jiki haɗarinsa ya ɗara da kashi 19. Mai ƙibar da ke motsa jiki ya ɗara da kashi 168. Mai ƙibar da ba ya motsi kuwa kashi 293, wato kusan ninki huɗu. Abin da na fahimta a nan, kuma nake faɗa wa kowa ba ɓoye-ɓoye, shi ne motsa jiki yana rage haɗari ko nauyi bai sauka ba, amma ba ya goge illar ƙiba. Mai cewa yana buga ƙwallo don haka tumbinsa ba matsala ba ne, da siririn da ke cewa ba shi da abin ƙonawa, dukansu akwai sauran aiki a gabansu.

Tafiyar da kanta a hankali muke gina ta. Mako biyun farko minti 10 ne, kwana biyar a mako. Mutane suna raina wannan, har wani ya ce, “Malam, ai zuwa masallaci ma ya kai haka.” Bai kai ba, domin tafiyar masallaci ta nutsuwa ce, ana tsayawa gaisawa. Wadda muke nufi ita ce mai ɗaga numfashi: mutum ya iya magana da na kusa da shi amma ba zai iya rera waƙa ba. Wanda ke son lissafi ya ƙirga takunsa na daƙiƙa 15, ya samu 25, wato taku 100 a minti. Daga mako na uku muna ƙara minti biyar duk mako, har a kai minti 30 wajen mako na shida ko na takwas. Minti biyar na farko da biyar na ƙarshe a hankali ake yin su. Tsayawa cak bayan sauri yana sa jini ya taru a ƙafafu, jiri ya ɗebi mutum, musamman mai shan maganin hawan jini.

Minti 30 sau biyar shi ne minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a matsayin mafi ƙaranci, kuma a ƙa'idarta ta 2020 ta ce daga 150 zuwa 300. Ga gazawar zuciya, ƙasan ba ya isa sosai. Wani nazari na 2015 da ya haɗa bincike goma sha biyu ya nuna mai yin mafi ƙarancin nan haɗarinsa ya ragu da kashi 10 kacal, wanda ya ninka shi sau biyu kashi 19, wanda ya ninka sau huɗu kashi 35. Saboda haka daga wata na uku muke tura mutum zuwa minti 45, daga baya awa guda, ko da zai raba ta biyu, safe da yamma. Kwana biyu a mako kuma a ƙara aikin tsoka: tashi da zama daga kujera ba tare da dafa hannu ba sau 10, a huta, a maimaita, tura bango da hannu biyu, ɗaga gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi a kowane hannu. Sharaɗin shi ne kada a riƙe numfashi ana yunƙuri, domin hakan yana harba jini sama nan take.

Matan da ba su cika fita ba, tsakar gida ta wadatar. Ba nisa ake aunawa ba, lokaci ne da sauri. Hajiya ta sa agogon waya, ta yi ta zagayawa, ta riƙa juya hannun zagayen don kada gwiwa ɗaya ta ɗauki nauyin. Daka da shara da wanki da hannu suna shiga lissafi idan sun ɗaga numfashi, sai dai a gidaje da yawa injin niƙa da yara sun karɓe waɗannan, uwar gida ta koma umarni daga kan tabarma.

Inda abin yake lalacewa kusan sananne ne. Na farko gwiwa. Mai kilo 100 ya fara da gudu a kan kwalta da silifas, kwana huɗu gwiwa ta kumbura, ya je kemis a ba shi diklofenak ko ibufurofen. Waɗannan magunguna suna riƙe gishiri da ruwa a jiki, suna ɗaga jini, suna wahalar da ƙoda, kuma suna iya tura zuciyar da ke kan gaɓa ta faɗa gazawa. Mai ciwon gwiwa ya sa takalmi mai taushin ƙasa, ya bi turɓaya ko fili, ya rage minti, ko ya koma keke. In ciwo ya dame shi farasitamol ya fi masa aminci. Na biyu zafi. A watannin Maris zuwa Mayu, da rana kan wuce maki 40 a Kano da Sakkwato da Maraɗi, bayan sallar asuba ne lokaci, ko dab da magariba, da ruwa a hannu. Mai shan maganin da ke sa fitsari ya fi kowa saurin bushewa. Da azumi kuma a mayar da tafiyar bayan buɗa baki da awa ɗaya ko biyu, ko bayan asham. Na uku masu ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan gilibenkilamaid: su fita da dabino biyu ko uku a aljihu, rawar jiki da zufa mai sanyi suka zo su ci nan take. Mai shan maganin hawan jini irin atenolol ko bisofurolol kuma kada ya ce zai bi bugun zuciya, maganin yana danne shi; numfashinsa zai saurara.

Akwai alamun da ba a jayayya da su. Ƙirji ya riƙe ko ciwon ya tafi hannu ko muƙamuƙi, jiri kamar za a faɗi, zuciya ta riƙa bugawa barkatai, ko haki ya ƙi kwanciya bayan an huta mintoci. A tsaya, a nemi asibiti a ranar.

Tafiya kaɗai ba ta cika sauke nauyi ba, kuma gara mutum ya ji wannan tun farko. Tafiyar minti 30 abin da take ƙonawa bai wuce abin da ke cikin cokalin cin abinci ɗaya ko biyu na mai ba, ko kwalbar lemo guda. Kwalbar roba ta rabin lita tana ɗauke da sukari wajen ƙaramin cokali 12. Saboda haka ba ma ce wa kowa ya bar tuwo. Muna cewa malmala biyu ta koma ɗaya, miya da ganye su ƙaru, man da ake kwararawa a kan shinkafa da wake a riƙa auna shi da cokali, lemon kwalba ya fita, shayin dare mai kauri da burodi ya ragu. Wake da zogale da kuɓewa da rama suna riƙe ciki ba tare da nauyi ba. Gishiri kada ya wuce giram 5 a wuni, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma wannan ya haɗa da na cikin dunƙulen ɗanɗano, wanda kusan rabinsa gishiri ne, da yajin tsire, da kanwa, domin ita ma sinadarin da ke ɗaga jini ne a cikinta. Abin da muke nema shi ne saukar da ba ta wuce rabin kilo a mako ba, kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi a wata shida. Ga mai kilo 92, kilo biyar zuwa tara ke nan. Ba ya kai shi siranta, amma kusan kowane kilo da ya sauka yana tafiya da maki ɗaya na hawan jini, tafiyar kanta kuma tana iya sauke maki 5 zuwa 8.

Abu biyu nake roƙon mutane su bari. Shayin rage tumbi, yawancinsa gudawa da fitsari yake sawa. Ruwa ne ke fita, yana tafiya da sinadarin fotasiyam da bugun zuciya ya dogara da shi. Haka ɗaure ciki da leda don a yi zufa. Ɗayan kuma ya fi ci mini rai, wato ƙwayoyin sa ƙiba da 'yan mata da amare suke sha, waɗanda ake kira sha ka fashe. Da yawansu dekzametazon ne. Fuska ta cika, ciki ya fito, ƙafafu su rame, jini da sukari su hau, jiki ya riƙe ruwa. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, hakan ma haɗari ne. Likita zai riƙa rage mata a hankali.

A wata na uku muke maimaita awon farko gaba ɗaya. Sau da yawa sikeli kilo biyu kawai ya sauka, mutum ya shigo fuska a ɗaure. Sai a sa tef a ga santimita huɗu ko biyar sun tafi daga ciki, a koma baranda a ga ya ƙara mita masu yawa a minti shidan nan, bugun zuciyarsa na hutu ya ragu. Kitsen ciki yakan riga sauran amsa motsa jiki. A nan ne kuma wasu suke ganin jini ya sauka su ajiye magani da kansu. Rage magani hukuncin likita ne, bayan an ga awo na makonni.

Wanda aka riga aka tabbatar masa da gazawar zuciya tsarinsa daban ne, kuma sikeli a wajensa ruwa yake aunawa kafin kitse. Kullum da safe, bayan fitsari, kafin karin kumallo, da irin tufafi ɗaya, ya hau ya rubuta. Ƙarin kilo 2 cikin kwana uku ba ƙiba ba ce, ruwa ne ke taruwa, ya tuntuɓi likitansa ko ƙafa ba ta kumbura ba tukuna. A da cewa ake yi irinsu su kwanta su huta. Gwajin da aka yi wa mutum 2,331 aka wallafa a 2009 ya nuna atisaye mai tsari ba ya cutar da wanda ciwonsa ya lafa, yana ma ƙara masa ƙarfi da jin daɗin jiki. Amma sai ruwa ya sauka, magani ya zauna, kuma da minti biyar ake farawa, a huta, a ƙara biyar. Ba ma sa shi ramewar gaggawa, kuma idan ya fara zubewa ba tare da ya nema ba, wannan alama ce ta ciwon ya yi nisa.

Masu jego su ma a ware su. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yawan gazawar zuciyar da ke kama mata a ƙarshen ciki ko watannin farko bayan haihuwa, kuma har yau arewacin Najeriya na cikin wuraren da ta fi yawa a duniya. Wannan ba ta bin ƙiba, ramammu ma tana kama su sosai. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura, tana tari da dare, tana haki in ta ɗauki jariri, kada a ce ƙibar jego ce, kada kuma a ce ta motsa jiki ta warware. A dakatar da kunun kanwa, a kai ta a yi mata hoton zuciya.

A ƙarshen wata na shida muna ba mutum takardarsa mai layi uku na awo: na ranar farko, na wata uku, da na yau. Daga nan zuwansa yakan koma duk wata uku, amma sikeli sau ɗaya a mako a gida, tef sau ɗaya a wata. Nauyi yana son dawowa a shekarar farko, musamman bayan salla da lokacin sanyi da fitar asuba take wuya. Ƙa'idar da muke ba shi ita ce, ya ga kilo biyu sun dawo ko ya yi mako biyu bai fita ba, kada ya jira ranar da aka rubuta masa, ya zo a sake awo, a mayar da shi minti 15 a sake hawa.